Yadda Na Kashe Marubuci Da Ƙusa Biyu

Ranar Lahadin da ta wuce, Mubarak, dogon nan mai aikin kwamfuta a banki, ya jingina da teburina yana kurɓar shayin da na dafa, ya dubi firam ɗin da nake haɗawa ya ce, "Baba Ilu, yanzu fisabilillahi wannan ma sana'a ce? Katako huɗu da gilashi ɗaya?" Sauran samarin suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don ba na son shayina ya ƙare da ɓacin rai. Amma maganar ta tsaya mini a wuya. To tunda ku 'yan boko ba kwa yarda da abu sai kun gan shi a rubuce, ga shi na rubuta da ɗan ajina huɗu, ku karanta a wayoyinku.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Iliyasu, mutumin Kano, mai haɗa firam ɗin hotuna a wani lungu a unguwar Satwa ta Dubai, tsakanin tela da mai wanki. Indiyawa suna ce mini Iliyasikka, wato Yaya Iliyasu. Na haura shekara ashirin a garin nan, amma ban taɓa hawa dogon benen da kuke zuwa ɗaukar hoto ba. Ina hango shi daga bakin shago, bai matso ba, ni ma ban matsa ba. Daga ɗaki sai shago, daga shago sai masallaci. Duk da haka manyan Indiya, marubutansu da 'yan siyasarsu, babu wanda ban goge wa fuska da tsumma ba.

Aikin da ya kawo ni Dubai buga akwatunan kago ne, na aika kaya ƙasashe, a kasuwar Murshid Bazar. A nan wani tsoho ɗan jihar Kerala ta Indiya, Baba Gopi, ya zo neman guntayen katako, ya tsaya yana kallon yadda nake haɗa kusurwar akwati. Ya sa farce a mahaɗar, farcen bai shiga ba. Ya ce in biyo shi. Na zo shagonsa da girman kaina na kafinta, wanda ya yi gadaje da kwabobi a Kano, sai ya miƙo mini tsumma. Wata uku ina goge gilashi. Da na gaji na ce masa ni fa kafinta ne, ya ce ya sani, shi ya sa bai bar ni na taɓa katako ba, don kafinta ya saba da aikin da ake kallo daga nesa.

Aiki na farko da ya bar mini ni kaɗai takardar shaidar wata ma'aikaciyar jinya ce. Na yanka, na haɗa, na rufe bayan da takarda da gam, na kai masa ina jiran yabo. Ya ɗaga ta wajen hasken ƙofa, ya nuna mini wani ɗigon ƙura a ƙarƙashin gilashi, daidai kan hatimi. Na farke na sake. Karo na biyu gashin gemuna ne ya shige. Karo na uku shatin babban yatsana. Duk lokacin da na ce masa "khalas?", wato an gama, sai ya girgiza kai irin girgizawarsu, wadda ba ka sanin e ce ko a'a. A karo na biyar ya karɓa ya ajiye bai ce komai ba. Daga baya na gane a wurinsa wannan shi ne yabon.

Ku dubi injin yanka kwana da ke bayan ƙofa, wanda ake takawa da ƙafa. Ya girmi Mubarak. Idan wuƙarsa ta kauce da kaurin gashi, kusurwa uku za su haɗu lafiya, ta huɗu ta buɗe baki tana yi maka dariya, kuma babu gam ɗin da zai rufe bakin nan. Gilashi kuwa da kunne ake yanka shi. Ka tsoma alƙalamin yanka a kananzir, ka ja layi sau ɗaya tak. In ka ji sauti kamar ana yaga sabuwar shadda, ka samu. In ka ji ƙar-ƙar, ka ɗauko tsintsiya. Sannan farin kwalin da muke zagaye hoto da shi, wanda kuke ɗauka ado ne, shi yake hana hoto taɓa gilashi. A zafin garin nan, in raɓar teku ta shiga, hoton da ya taɓa gilashi mannewa yake yi, ranar da aka zo cirewa rabin fuskar mutum ta zauna a can.

Larabawa suna kawo ayoyi. Mutanen Filifin suna kawo hoton iyali. Ku Hausawa kuna kawo takardar digiri ku yi ta taya firam kamar kuna sayen ragon layya. Amma abincinmu a hannun Indiyawa yake, musamman 'yan Kerala. Su in suka kai uku sai sun kafa ƙungiya, in suka kai huɗu ɗaya ya ɓalle ya kafa tasa. Kowace ƙungiya tana da ofis, kowane ofis yana da bango, kowane bango yana son hotuna. Kuma kowace ƙungiya tana da kyautar adabi da take bayarwa duk shekara. Ban taɓa ganin mutanen da suka ɗauki marubuta da zafi irinsu ba. Na ga direban tasi da mai wankin da ke kusa da mu sun yi sati ba sa gaisawa, saboda an ba wani mawaƙi kyauta an hana wani. Ni kuwa ko layi ɗaya ban taɓa karantawa ba, don rubutunsu a idona kamar an baza dafaffiyar taliya ne a faranti.

Amma ba sai na karanta ba nake gane su. Ɗan siyasa farar riga yake sawa, ya haɗa tafukansa a ƙirji, haƙora duk a waje, yana kallon cikin idonka kamar akwai abin da zai roƙe ka. Marubuci tagumi yake yi, gemu ba gyara, tabarau a karan hanci, yana kallon can gefe kamar an kira sunansa daga wani ɗakin. Kuma ko da mai hoton yana da kala, shi baƙi da fari yake so.

Akwai wani aiki da ba na mantawa. Wani shugaban ƙungiya ya zo karɓar hoton jagoran jam'iyyarsu, sai ya zaro tef ɗin awo daga aljihu ya auna faɗin katakon. Ashe ya je ofishin abokan hamayyarsu ta'aziyya, yana zaune ana jimami shi yana auna firam ɗin nasu jagoran da ido, ya ga ya fi nasu da yatsa guda. Baba Gopi ya shiga ciki ya fito da katako mai ruwan zinare, ya rage murya ya ce wannan kaɗai ya rage a duk Dubai. Bayan sati biyu na ji shi yana faɗa wa ɗaya ɓangaren haka, da sauran guntun sandar.

Ɗan siyasa tun ranar farko da zinare yake farawa. Marubuci kuwa, a yadda na gani, firam uku yake samu a duniya. Na farko siriri baƙi, shi da kansa yake saya, ranar da littafinsa ya fito. Na biyu ɗan matsakaici, ranar da ya ci wata kyauta, sai mutanen garinsu su tuna ashe nasu ne. Na uku shi ne babba, na katako mai nauyi, kuma wannan ba ya ganinsa, don shi ne mai ƙusa biyu.

Bari in yi muku bayanin ƙusoshin nan, don a kansu labarin yake. Indiyawa suna da wata sarƙar fure da suke kira mala. In suka rataya wa mutum a wuya, girmamawa ce, an yi maraba da shi. Amma in suka rataya ta a jikin hotonsa, to ya mutu. Babu wata fassara bayan wannan. Mu namu shi ne mu kafa ƙananan ƙusoshin tagulla biyu a kafaɗun firam, inda malar za ta zauna, mu kuma sayar da wadda aka yi da ɓawon itacen sandal, mai ƙamshi, da ba ta bushewa. Ni dai ƙusa nake bugawa, abin da ke zuciyarsu kuma tsakaninsu ne da Mahaliccinsu.

Saboda haka Baba Gopi yana da doka ɗaya. Duk wanda ya ajiye hoton mutum a teburin nan, kafin awo, kafin ciniki, sai ya tambaye shi, "Yana raye?" Ko da fuskar da ya sani ce. Ni abin nauyi yake yi mini, don a wurinmu ba a jefa wa mutum irin wannan tambayar tsirara. Na ce masa ai da gani ana ganewa. Ya ce, "Iliyas, takarda ba ta numfashi. Ka tambaya."

Sai shekarar korona ta zo. Aka rufe shago, da aka buɗe kuma Satwa ta zama kamar garin da aka yi wa gargaɗi. Babu taro, babu kyauta, babu buɗe ofis. Aiki dai yana zuwa, amma iri ɗaya ne. Mutum zai tsaya a bakin ƙofa da takunkumi a fuska, ya miƙo waya, hoton uwa ko uba ko abokin ɗaki. Kwalin ƙusoshin tagulla da muka yi shekaru muna ɗiba ya ƙare kafin zafi ya wuce. Baba Gopi ya daina tambayarsa, don amsar ta zama ɗaya. Da aka fara jigilar mutane gida, ya ba ni makullai ya ce wata biyu zai yi. Bai cika wata biyun ba ɗansa Suresh ya turo mini hotonsa a waya. Da katakon da ya fi so na yi masa, shi ne wanda kuke gani a saman inji.

Suresh injiniya ne a can ƙasarsu, bai san zarto ba, bai kuma damu ya sani ba. Yaro ne mai ladabi, amma ya fito mini a fili. Lasisin shago ya kusa ƙarewa, ga wani yana son wurin ya buɗe gyaran waya. Ya ce, "Ankul, in ƙungiyoyi sun dawo da aiki, zan sabunta. In ba su dawo ba, khalas." Bizata kuwa a jikin lasisin nan take. Shago ya tafi, na tafi. Ina da shekara hamsin da ɗoriya, wa zai ɗauke ni buga akwati?

Ana nan sai ranar wata Laraba sakataren ƙungiyar da ta fi kowacce girma ya faɗo shago da gudu. Ya bar motarsa a tsakiyar lungu, na bayansa suna ta danna ham. Ya jefa ambulan a tebur ya ce, "Iliyasikka, taron farko tun da aka buɗe gari. Jagora ɗaya, marubuci ɗaya, mala ɗaya. Manya. Ka rufe su da ƙyallen siliki, Lahadi ƙarfe huɗu. In ya yi kyau, aikinmu na shekara naka ne. Yalla, maza!" Na buɗe baki zan yi tambayar, ham ta sake tashi, ya fice.

Kada ku ce ham ce ta cuce ni. Lambar wayarsa tana hannuna kwana huɗu. Abin da ya faru shi ne na zaro hotunan na dube su, na ji kunyar a ce shago ya koma hannuna amma har yanzu ina tambayar abin da yake a fili. Jagoran ga shi nan da kala, kumatu cike, fata tana sheƙi, yana murmushi kamar yanzu ya tashi daga kan abinci. Marubucin kuwa baƙi da fari, ƙashin wuya a waje, ya yi tagumi yana kallon lahira. Na ce ai lissafin a bayyane yake: marubuci ya rasu a annobar nan, jagora zai zo ya miƙa wa iyalinsa kyauta, a ɗauke shi hoto. Shekara ashirin ban taɓa ganin an yi wa marubuci babban firam yana da sauran numfashi ba. Na ba jagora zinare, na ba marubuci katako mai nauyi, na buga masa ƙusa biyu, na rataya masa mala mafi tsada a shagon. Kusurwoyin nan takwas, ko Baba Gopi ne ya sa farce ba zai shiga ba.

Ranar Lahadi abokina Mahamman, ɗan Maraɗi mai motar kago, ya zo ɗauka. Ya ɗaga ƙyallen ya leƙa, ya ce, "Allahu akbar, Allah shi jiƙan tsoho, da gani ya sha wahala." Na ce amin. Na so ya kai shi kaɗai, ya ce, "A'a, mon frère, ɗan'uwana, ni ban iya kafa su bisa ƙafafun jingina hoton nan ba, in sun faɗi ka ce ni ne. Shiga mu tafi, ka ga gari ko sau ɗaya."

A zauren wata makaranta aka yi taron. Muka kafa hotunan a kan dandamali, ɗaya dama ɗaya hagu, a rufe. Na ce mu tafi, Mahamman ya hango tebur da shayi da soyayyar ayaba, ya ce shi ba ya barin walima a baya. Muka tsaya can ƙarshe. Zaure ya cika, mata da furanni a ka, maza da fararen riguna. Ina cikin tauna ayaba idona ya sauka a layin gaba. Wani tsoho ne zaune, siriri, tabarau a karan hanci, ya yi tagumi yana kallon can gefe.

Na ce, "Mahamman, ka ga wancan tsohon?"

Ya duba ya ce, "Ƙanen mamacin ne. Jini ba ya ɓuya."

"Tabaran ma jini ne?"

Ya sake dubawa, ya daina tauna, ya ce, "Ilu, c'est grave, abin ya ɓaci. Ni dai na bar mota a buɗe."

Na riƙe masa riga. Na bi gefen bango zan lallaɓa in cire malar ta bayan ƙyalle, wani ƙato mai ƙyallen kwamiti a ƙirji ya tare ni ya ce dandamali na manyan baƙi ne. Na ce sakatare nake nema, ya nuna mini shi, yana riƙe da makirufo. Haka na tsaya ina sauraron jawabai. Yaren nasu ban iya shi ba, amma kunnena ya daɗe a cikinsa, ina tsintar abin da na tsinta. A nan na ji suna cewa jagora kaza marigayi, jagora kaza da ya bar mu shekara goma. Ashe kyautar ma da sunansa ake ba da ita. Mutum bakwai suka yi magana, duk a kan jagora. Sunan marubucin, wanda suke kira Mash, wato malam, sau biyu na ji shi, ɗaya ma lokacin da ake ce masa ya matsa a wuce.

Daga ƙarshe aka kira ɗan jagora ya tsaya a dama, aka kama hannun Mash aka kai shi hagu, aka ƙirga uku suka ja ƙyalle tare. Ga jagora nan cikin zinare, lafiyarsa ƙalau, yana neman ƙuri'a. Ga Mash kuma tsaye a gaban gawarsa.

Mash ya gyara tabarau, ya matsa kusa, ya kalli kansa sama da ƙasa. Jan ƙyallen ya ɗan karkatar da malar, sai ya sa hannu ya daidaita ta. Sannan ya ja da baya, ya haɗa tafukansa ya sunkuyar da kai, irin gaisuwar da suke yi wa mamaci. Wata mata a tsakiya ta kasa riƙewa, dariya ta ƙwace mata.

Sai hayaniya ta tashi. Na kasa kunne in ji yadda za su zage ni a kan na kashe musu marubuci. Wallahi babu wanda ya ambaci Mash. Abin da nake ji kawai, jagora, mala, jagora, mala. Cin mutuncin da aka yi shi ne an bar jagora haka babu fure, kamar wani gama-garin mai rai. Sakatare ya fizge malar daga hoton Mash ya ɗora a na jagora. Babu ƙusa, ta sulale ƙasa. Ya sake ɗorawa, ta sake sulalewa. Ni kuwa ba na fita ba ƙaramar guduma da ƙusoshi a aljihu. Na hau dandamali, wannan karon ƙaton bai tare ni ba. Na buga biyu, tak, tak, na rataya malar. Jagora ya mutu a gaban jama'a, zaure ya ɗauki tafi.

Washegari sakatare ya zo shago. Bai zauna ba. Ya ce in faɗa masa gaskiya, ɗaya jam'iyyar ce ta sa ni? Na ce kuskure ne. Ya ce a siyasa babu kuskure, kuma ko hoton fasfo ba za su sake kawowa nan ba. Kafin azahar Suresh ya kira, ya ga bidiyon, don duk wanda ke zauren ya ɗauka. Ya ce, "Ankul, ƙarshen wata." Na ce to. Na fara shafa wa wuƙaƙen inji mai ina naɗe su a jarida.

Ranar Talata da hantsi tasi ta tsaya a bakin lungu, sai ga Mash yana jan babban firam a ƙasa. Na tare shi da gudu na karɓa, na ajiye masa kujerar Baba Gopi. Ashe ya yi shekaru yana awon citta da kanumfari a wani sito a unguwar Al Ras nan Dubai kafin ya koma gida, don haka da Larabcin kasuwa muka yi magana, irin wanda ni da shi duk muka koya a wurin aiki.

Ya ce, "Kai ne ka kashe ni?"

Na ce, "Ni ne, Allah ya ja da ranka."

Ya ce, "To ka tsai da magana ɗaya mana."

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce in kawo shayi. Yana sha yana ba ni labari. Hoton nasa da fure ya riga bayanin isa gida. Kafin a gama taro maƙwabta sun fara shiga wurin matarsa, ita kuma tana ce musu ai yanzu suka gama waya, yana ƙorafin an ba shi minti uku ya yi magana. Na tambaye shi kyautar fa? Ya ce mayafi ne da allon katako da wata siririyar ambulan, mayafin kuwa shi ne na tara, matarsa da su take rufe talabijin.

Sai ya zaro wata takarda daga jaka. Ya ce akwai wani farfesa a can da ya shekara talatin yana rubuta cewa littattafansa ba su da amfani sai dai a naɗe kifi. Da ya ga hoton, bai tsaya bincike ba, ya zauna ya rubuta dogon yabo ya saka a intanet, cewa ƙasa ta yi rashin da ba za a mayar ba. Da ya ji mamacin yana Dubai yana cin ayaba, ya goge. Amma 'yar Mash ta riga ta ɗauka, ta turo wa uban, ya buga a takarda.

Ya shimfiɗa takardar a tebur yana lallashinta da tafin hannu, ya ce, "Ka sa mini wannan a gilashi mafi kyau, wanda rana ba ta kashe rubutu. Da na san haka abin yake da tuni na zo wurinka." Ya nuna hotonsa, wanda ya ɗauko a bayan ƙofar ofishin ƙungiya inda suka jingine shi, ya ce in naɗe masa shi yadda zai shiga jirgi. Na ɗauko filaya zan zare ƙusoshin, ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Bar su. Aiki ne mai kyau. In na bar wa 'ya'yana, hoton biki za su zaɓa, inda nake dariya kamar ɗan siyasa."

Na ji daɗin zuwansa, amma firam ɗaya ba ya sabunta lasisi. Na ci gaba da naɗe kaya.

Ranar Alhamis mutum huɗu suka shigo, shugaban ɗaya ƙungiyar da mutanensa, wanda ya taɓa zuwa da tef a aljihu. Ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa, ya ce shekara goma suna neman wanda zai nuna wa mutanen can cewa jagoransu bai cancanci fure ba, ashe jarumin yana Satwa. Na ce, "Yallaɓai, wallahi kuskure ne." Suka dubi juna, shugaban ya kashe mini ido ya ce, "Mun gane, Iliyasikka, mun gane. Haka za ka ci gaba da faɗa." Suka sauke hotuna goma sha ɗaya na sabon ofishinsu, da alƙawarin aikin kyautarsu ta duk shekara. Na jera su a tebur, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, "Wannan yana raye? Wannan fa?" Suka yi ta dariya, sun ɗauka tsokana ce. Na ɗauki hoton teburin na tura wa Suresh. Ya sabunta.

Sakatare kuwa bai cika shekara ba ya dawo. Ya je ofishin abokan hamayya wani taro, ya ga firam ɗin jagoran waɗancan ya fi nasu faɗi. Na shiga ciki na fito masa da katako mai ruwan zinare, na rage murya na ce wannan kaɗai ya rage a duk Dubai.

Mash ya yi shekara biyu bayan nan. Da ya rasu 'yarsa ta turo mini hoton bangon ɗakinsa. Yabon farfesa a hagu, hoton nan nawa a dama, kusurwa ko ɗaya ba ta buɗe ba duk da damunar ƙasarsu. Ta rubuta a ƙasa da Turancin da Mahamman ya taya ni haɗawa, cewa fure kawai suka saya.

To Mubarak, hotonka na ranar kammala digiri da ka bari ranar Lahadi yana nan a ambulan, ban taɓa shi ba. Na yi maka tambayar, ka yi dariya ka ce, "Haba Baba Ilu, ga ni tsaye a gabanka." Na gan ka. Mash ma a layin gaba yake zaune. Ka zo ka amsa mini da bakinka, sannan in yanka katako. Kuma ka taho da sukari, don gwangwanina ba ya kai sati tun da kuka gano ƙofar nan.